Ba Ni Na Ciro Ki Daga Ruwa Ba

Agege, Legas

Assalamu alaikum.

Zuwa ga 'yata, yayar su Sadiku. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya da kwanciyar rai. Allah ya kai ki Lakwaja lafiya ranar Asabar, ya tsare motar da direbanta, ya sauke ki a hannun mutanen kirki, ya ba ki sa'ar karatun aikin ceton da za ki.

Na san kin riga kin fara dariya. Gida ɗaya muke kwana, daga ƙofata zuwa taki taku shida ne, amma ga Baba ya sayo biro da takarda yana rubuta miki wasiƙa kamar wanda ya tafi Makka. Yi dariyarki. Ni dai na san bakina. Sau uku a makon nan ina zaunar da ke in faɗi abin da ke raina, sau ukun kuma sai in ɓige da tambayar ko kin sayi bokiti da kwaɗon akwati.

To bari in faɗa tun hannuna bai yi sanyi ba. Labarin nan da kika tashi da shi, wai kina shekara huɗu kika faɗa babban lambatun bayan layin dogo, ni kuma na yi tsalle na faɗa ruwa na ciro ki, ba haka aka yi ba. Faɗawa kam kin faɗa. Amma ba ni na ciro ki ba. Shekara goma sha tara ana ba da labarin a gabana ina sunkuyar da kai, mutane na cewa kai, Garba akwai tawali'u, alhali kunya ce take cina. Ke da bakinki kika gaya mini wannan labari kika ba malaman makarantar ranar da suka yi miki tambayoyi, kuma saboda shi kika zaɓi aikin. Ba zan bari ki shiga ruwa da wuta a kan ƙaryata ba. Ina jin tsoron irin kallon da za ki yi mini in kin gama karantawa, wallahi ina ji, amma gara ki ji daga gare ni.

Ke kika jawo ma, in gaya miki. Kin tuna ranar da kika baje littattafanki a baranda bayan la'asar, ina cin ɗanwake, kina ta maimaita Turanci kamar mai hadda? Na ce miki wannan wane irin karatu ne, mutum na nutsewa ku kuna ƙamus? Kika ce, "Baba, a aikin nan in ka faɗi kalmar da ba ita ba a waya, motar da ba ita ba za a turo." Na ce mu ma ai muna da ceto, muna da agaji, muna da taimako da kuɓutarwa, me Bature zai nuna mana? Kika ce in tsaya in ji.

Kika ce helep shi ne taimako kowane iri, babba da ƙarami, ko ɗora wa ɗan dako kwandon tumatir a ka a kasuwar Mile 12 helep ne. Seb kuma shi ne ka hana mutum halaka, ko da kana nesa, kamar likita da allurarsa, ko wanda ya ƙwala wa mai tsallaka titi ihu ga motar danfo nan tafe. Salbej na kaya ne, abin da aka iya tsamowa bayan gobara ko ambaliya. Sai kika ajiye littafin kika ce reskiyu daban yake. Shi sai mutum ya tafi da jikinsa har inda haɗarin yake, ya kamo wanda ke ciki ya fito da shi. Na tambaye ki ta ƙarshen da na ji kina faɗi a hankali. Kika ce rikoba, ita ce ake faɗi in an fid da rai, an daina neman mutum an koma neman gawarsa, kuma a cikin ruwa tsakaninta da reskiyu mintoci ne kawai.

Sannan kika dube ni kina murmushi kika ce, "Kai reskiyu ka yi, Baba. Irinka littafin ke nufi." Kin ga na ture kwanon na ce barkono ya yi yawa. Ba barkono ba ne. Tun daga ranar ban sake cin abinci da daɗi ba.

Kafin in kai ga babbar, bari in fara da ƙananan wautata, ko zuciyata ta ɗan yi ƙarfi. Ina da su da yawa, Allah ya hore.

Kin san Baba Tanko mai ɗaukar nama a mayankar Oko-Oba, mai ɗingishin nan da yake ba ki goro kina ƙi. Kin taɓa tambaya me ya sami ƙafarsa, na ce sa ne. Sa ne kam, amma da hannuna a ciki. Wani bijimi ya tsinke igiya ya matse shi da bango, ƙaho ya shiga cinya. Duk rumfar masu fata ni ake ganin na fi Turanci, don haka aka danna lambar masu agaji aka miƙo mini waya. Wata mata ta ɗauka. Ke kin san abin da ubanki ya fara cewa? Gud aftanun, hau is wok, hau is di famili. Ban ga laifina ba a lokacin, ai mutum ba ya faɗa wa matar mutane da buƙata babu gaisuwa. Ta ce me ya faru, na ce sa ya taɓa wani. Ta ce yaya yake yanzu. Sai na juya, jini na malala har ƙarƙashin takalmina, na ce, "Tanko, yaya jikin?" Ya cije leɓe ya ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Ni kuma na juya na gaya wa matar i de beta, wato da sauƙi. Ta ce to mu kai shi kemis mafi kusa a wanke masa.

Allah ya yi wa wani mahauci Bayarabe albarka. Fizge wayar ya yi daga hannuna ya kwarara ihu, mutum na mutuwa, jini, jini, ku zo yanzu! Ya faɗi ƙofar da za su shigo, ya kashe, ya cire ɗamararsa ya ɗaure cinyar. Motar ta zo. Likita ya ce da an ƙara jimawa da sai dai wani zancen. Har yau in Tanko ya gan ni sai ya ce, "Garba, hau is di famili?"

To ki riƙe wannan. Mutanenmu ba sa cewa ina mutuwa. Bahaushe ko hanjinsa na waje, in kika ce yaya jiki, da sauƙi zai ce, don haka aka tarbiyyantar da mu, kuma tarbiyya ce mai kyau a ɗakin mai jinya. A wurin aikinki kuwa kada ki ɗauki da sauƙinmu ki kai wa oganki da Turanci. Ki duba da idonki, ki ɗaga rigar, ki ga ciwon. In dattijo ya ce miki ba komai 'yata, to a nan za ki ƙara dubawa. In kuma ke ce kike neman agaji, ki ajiye gaisuwa sai an gama, babu wanda zai ce ba ki da tarbiyya.

Ta biyu ma a Oko-Oba ne. Wata damina ruwa ya shigo rumfarmu da rana tsaka, kafin ka ce me ya kai gwiwa. Fatun da na yi kwana uku ina sa wa gishiri suna ƙasa. Na shiga jida, in ɗauko in ɗora a kan rufin wata mota in dawo, ina haki ina salati. Na yi sawu ya kai bakwai. Ashe duk wannan abin Baba Audu mai gadinmu, tsoho mai ciwon ƙafa da ba ya iya taka ruwa mai gudu, yana zaune a kan durom a ƙuryar rumfar ya naɗe ƙafafu yana kallona. Da na zo ɗaukar ta ƙarshe sai ya yi gyaran murya ya ce, "Garba, in ka gama da fatun shanu, ga ta mutum nan." Kai! Na goya shi na fito da shi, yana bayana yana ta yi mini dariya har muka kai tudu. Da ba ki koya mini ba, da ban san aikin da na yi sawu bakwai ina yi yana da suna ba, ashe salbej ne. Ba mugunta ce ta sa ni ba, idona ne ya tafi kan abin da ya saba lissafawa. Ke in kin shiga wuri, kafin ki taɓa komai ki tambaya da ƙarfi ko akwai mutum a ciki, ki kuma leƙa ƙurya, don masu irin halin Baba Audu ba za su kira ki ba.

To, na gama kewaye-kewaye. Ga babbar.

Kakanki Malam Ilu, mahaifin Innarki, ya zo mana daga ƙauye, zuwansa Legas na farko kuma na ƙarshe. Ni na tarbo shi a tashar Iddo. Kwana biyar da ya yi, ban taɓa zama a kan kujera a gabansa ba, ban ci abinci inda zai gan ni ba. Ran na huɗu aka kwana aka wuni ana ruwa, da ya ɗauke bayan la'asar sai Malam ya ce yana so ya ga kasuwar bakin layin dogo. Na sa babbar riga, na riƙe masa lema, muka fita. Ke kuma kika biyo mu a baya da takalman robar da ya kawo miki tsaraba. Na gan ki sarai. Ban ce ki koma ba, ban kuma riƙe hannunki ba.

Ke haihuwar Agege ce, da Yarbanci kike mafarki, don haka dole in yi miki bayanin abin da a garinmu ba ya buƙatar bayani. A inda na tashi, ɗan fari ba naka ba ne a gaban mutane. Ba ka faɗin sunansa, ba ka ɗaukarsa, ba ka nuna ka san yana wurin. Ni ne ɗan farin babana, har ya koma ga Allah ban ji sunana a bakinsa ba, sai dai ya ce ina yaron nan. Wanda ya rungumi ɗan farinsa a gaban manya, sai a yi shekara ana ba da labarin rashin kunyarsa. To balle a gaban suruki. Wannan ne ya sa kika tashi kina jin ke, da yarinyar nan, da yayar su Sadiku, kina tsammanin ko haka bakina yake.

Mun zo lambatun. Kin san shi, a rani ko akuya tana tsallakewa, amma ran nan ya cika ya batse, ruwan ja wur, yana gudu da leda da robobi yana shigewa ƙarƙashin titi ta bakin kwalbati. Katako biyu aka gitta ake bi. Na tsallakar da Malam. Na waiwaya, kina tsakiyar katakon, takalmin ya zame, na ga hannuwanki a sama, sai ruwa.

Wallahi 'yata, zuciyata ta riga ta faɗa ruwan nan. Amma ƙafata ba ta motsa ba, bakina kuma ya ƙi buɗewa da ƙarfi. Ga lema a hannuna a kan surukina. Abin da ya fito mini, a hankali, cikin ladabi, shi ne, "Malam, kamar yarinyar nan ta faɗa." Malam kuwa kunnensa ya yi nauyi. Ya ce, "Na'am?" Ni kuma, Allah ya yafe mini, na ɗan rusuna na maimaita masa.

Akwai wata mata da ke suyar doya a bakin lambatun, Iya Mulika ake ce mata, Bayarabiya, gajera, mai jiki. Ban taɓa sayen doyarta ba, ko gaisuwa ba ma yi. Ita ba ta tambayi kowa ba. Ta yar da matsamin da ke hannunta, ta kwarara ihu da Yarbanci da Turanci da Hausa duk a haɗe, ta faɗa ruwan da zanenta da ɗaurin kanta. Ruwan ya kai mata ƙirji, ya kayar da ita sau ɗaya, ta tashi. A daidai bakin kwalbatin ta cafko rigarki. Saura kamu ɗaya ki shige ƙarƙashin titi, inda ba wanda zai iya bin ki. Sai a lokacin ƙafata ta saku. Na jefar da lemar, na gangara gefe inda ruwan bai wuce gwiwa ba, ta miƙo mini ke. Wasu 'yan okada masu babur suka jawo ta waje. Ta karɓe ki daga hannuna ta kifa ki a cinyarta tana bubbuga bayanki har kika yi amai kika tsala kuka, sannan ta ɗago ta wanke ni tas da zagi. Yarbancina bai nuna ba a lokacin, amma na gane duka.

Kakanki fa? Da ya gane abin da ya faru, wannan dattijon da nake jin kunya, shi ya fi kowa ihu. Rawaninsa ya warware yana jan ƙasa, yana kuka yana cewa, "Amaryata! Amaryata!" irin wasan da kaka ke yi da jika. Da ya ga kina numfashi sai ya ɗauki lemar ya kwaɗa mini a kafaɗa ya ce, "Kunyar me? Ni na ce ka bar mini jika ta mutu?" Ashe mutumin da na tsaya dominsa bai nemi in tsaya ba.

Ba na zagin kunya, kada ki fahimce ni a karkace. Kunya ce ta riƙe gidanmu, ita ta sa kike da mutuncin da ake yabo a unguwa. Amma ki san inda za ki tuɓe ta ki ajiye kamar takalmi a ƙofar masallaci. A aikinki za ki kama namiji baƙo ki rungumo shi daga ruwa. Za ki yage rigar dattijo sa'an kakanki. Za ki daka wa Alhaji tsawa ya matsa, ko da motarsa ta fi gidanmu tsada. Za ki ji muryata da ta Innarki a kanki suna cewa haba, ba a yin haka. Kada ki saurare mu. Na ba ki izini tun yanzu, a rubuce.

Wautar da ta fi wannan kuma ita ce wadda ta biyo baya, don ta farko ta daƙiƙu ce, wannan kuwa shekaru na yi ina yinta. Na shigo layinmu ɗauke da ke, duk kin jiƙa mini gaban riga, Malam na biye. Maƙwabta suka fito, wani ya ce Garba ya ciro ta, wani ya ce ai nutso ya yi, kafin magariba har an ce ta ƙarƙashin titi na bi na ɓullo ta ɗaya gefen. Na dubi Malam, Malam ya dubi ƙasa. Bai tona ni a gaban 'yarsa ba, ya koma gida da maganar a cikinsa har Allah ya karɓi abinsa. Ni kuma na yi shiru ran farko don kunya, ran na biyu don an riga an yi nisa, daga nan kuma, gaskiya, abin ya fara yi mini daɗi. Ana ba ni wuri a majalisa. Kina girma kina kallona kamar wani soja. Iya Mulika kuwa ko na gode ban je na ce mata ba. Hanyar ma na daina bi, na gwammace in zagaya ta bayan makaranta in ƙara tafiyar minti goma, har na ji ta tashi daga unguwar.

A aikinki za a yaba miki a kan abin da wani ya yi, don ke ce aka gani ɗauke da yaron a hoto. Ki gyara maganar nan take, a wurin, tun tana ƙarama. In ta kwana ɗaya, gyaranta sai ya fi na ranar wuya.

Shekaranjiya na tattara ƙarfina na gaya wa Innarki. Na shirya wa kuka, na shirya wa faɗa. Tana tsince shinkafa, ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce, "Maigida, ni fa na wanke rigar nan. Bayanta a bushe yake ƙayau, hularka ko ɗigo babu. Wane irin nutso ne wannan?" Na ce to me ya hana ki magana shekara goma sha tara? Ta ce, "Ina jira in ga ranar da za ka gaji." Ta yi dariya har shinkafar ta zube. Ke ki ji mace! Sannan ta ce tun da na gaji, in tashi in nemo baiwar Allahn nan tun tana da rai.

Na yi tambaya wurin masu suyar doya, aka ce tana unguwar Abule Egba wurin ɗanta. Jiya na yanki cinya guda mai kyau, na hau danfo na tafi. Gida ne mai shuɗin ƙyaure a bayan wani wurin gyaran janareta. Na same ta a kan benci a ƙofar ɗaki, ta tsufa, ta rame, idon ya yi hazo. Na durƙusa na gaishe ta da Yarbanci, na ce Mama, ba za ki gane ni ba, ni ne mahaifin yarinyar da ta faɗa lambatun Agege. Ta matso da fuskarta dab da tawa, sai ta tafa hannu ta ce da Hausarta ta 'yan kasuwa, "Ah! Aboki mai lema! Kai ne ka tsaya kamar falwaya!" Ta kira surukarta da jikoki su zo su ga mutumin da take ba su labari. Ashe a Agege ni jarumi ne, a Abule Egba kuwa da ni ake yi wa yara misalin sakarci. Na ce na cancanta, aka yi ta dariya har da ni.

Na ce mata na zo godiya, na makara shekara goma sha tara. Ta ce godiya ba ta ruɓewa, amma naman nan zai ruɓe, a kai shi kicin. Na tambaye ta ko ta iya iyo. Ta ce ina fa, ita ko rafi ba ta taɓa shiga ba, ta dai ga yarinya ne. Sai ta kama hannuna ta ce, "Ta rayu? Ta girma?" Na ce ta girma, ta gama sakandare da sakamako mai kyau, ranar Asabar za ta tafi koyon aikin ciro mutane daga ruwa da gobara. Tsohuwar nan ta miƙe da ƙyar, ta ɗaga hannu sama, ta taka rawa a tsakar gida tana hawaye. Ki gaya wa kawunnanki masu cewa wannan ba aikin mace ba ne, sai dai an ƙyale ki don kin gado ubanki. Ubanki lema ya riƙe. Mace ce ta shiga, da zane, ba ta ma iya iyo ba.

Da ta zauna sai ta ce, "Me sunanta? Kullum in na yi salla ina sa ta a addu'a, amma sai dai in ce 'yar aboki. Ran nan ban ji ka kira ta ba."

Na ce, "Yayar su Sadiku ce."

Ta ce, "Ban tambaye ka Sadiku ba."

Jikokinta sun zagaye ni, surukarta na tsaye da wuƙar yanka nama, kowa na jira. Na buɗe baki. Shekara ashirin da uku, ni na raɗa miki shi a kunne ranar da aka haife ki, tun daga nan bai sake bi ta bakina ba. Na faɗa a hankali. Ta sa hannu a kunne ta ce ita ma fa yanzu kunnen ya yi nauyi, in ɗaga murya. Na ɗaga. Ta ce in ƙara, yadda wanda ke cikin ruwa zai ji. Na miƙe tsaye a tsakar gidan mutane, da furfurata da hulata, na ƙwala shi har mai gyaran janareta ya leƙo. Sai ga ni ina kuka kamar yaro, tsohuwa na bubbuga bayana.

Ta ce lallai ki je ta gan ki kafin ki tafi. Ki shirya ranar Juma'a bayan an sauko, zan raka ki in kin yarda in raka ki. In kuma ranki ya ɓaci da ni, kina da gaskiya, Innarki ta san kwatancen, sai ku je tare. Tafiyarki Lakwaja kuma yanzu taki ce, ki sake dubawa da labarin gaskiya a hannunki. In kin ce za ki, na sa albarka. In kin ce kin fasa, na sa albarka. Abu ɗaya nake roƙo, ki yafe mini.

Allah ya tsare ki daga ruwa da wuta da ƙarfe. Allah ya sa duk wanda kika shiga nema ki fito da shi da ransa, ke ma ki fito da naki. Allah ya ba ƙafarki saurin da bai ba tawa ba, ya haɗa ki da abokan aiki masu amana, ya dawo mana da ke lafiya. In kin gama karantawa kada ki zo ɗakina, ba zan iya haɗa ido da ke ba tukuna. Ki zauna inda kike. Ni zan fito tsakar gida, a gaban Innarki da ƙannenki da duk maƙwabcin da ke da kunne, in kira ki. In kin yafe, ki amsa.

Rukayya. Rukayya. Allah ya yi miki albarka, Rukayya.

Wassalam.

Ni ne mahaifinki,
Garba Mai Fata